Sakin Talala: Abin da Beljiyam ta Koya Daga Shari'ar Dutroux

Ƴan uwana ɗalibai, a wannan fitowa labarin wata ƙasa mai nisa na kawo muku, amma bari in fara daga gida don ku san abin da ya kai ni can.

Ina aji uku na koleji aka kashe ɗan gwaggona. Faɗa ne ya kaure tsakanin samari a bakin tasha, wani ya zaro wuƙa. An kama wanda ya yi, an yi shari'a, an kai shi gidan kaso. Shekaru suka wuce. Wata ranar kasuwa gwaggo ta je cefane, tana ɗaga kai sai ga shi tsaye gaban mai tumatir yana ciniki. Babu wanda ya gaya mata ya fito. Ta dawo gida hannu wofi, ta kwana biyu ba ta ci abinci ba. Da na zo hutu ta zaunar da ni ta ce: "Kai da kake boko, hwaɗa mini, wa ya sake shi? Mi ya sa ba a gaya mini ba? Ko ni ba mutum ba ce?"

Ni harshe nake karanta a jami'a, ba shari'a ba. Amma tambayar ta zauna mini a rai, na shiga bincike, har na ci karo da tarihin Beljiyam, inda iyaye suka yi wa gwamnati irin wannan tambaya da ƙarfin da ya canza dokokin ƙasar.

Kalmar da kanta

A shekararmu ta farko malam ya rubuta mana kalmomi biyu na Saussure a allo, langue da parole. Ta farko ita ce harshe a matsayin dukiyar jama'a, ta biyu kuma maganar da mutum ɗaya ya furta da bakinsa. Daga baya na tarar Turawan Ingila sun ari wannan parole ɗin tun da daɗewa da ma'anar alkawari. Sojan da aka kama a yaƙi zai ba da kalmarsa cewa ba zai gudu ba, sai a sassauta masa tsaro. Daga nan ta zama sunan sakin fursuna kafin wa'adinsa ya cika. Faransawan da aka aro kalmar daga wurinsu ba haka suke kiran abin ba, su libération conditionnelle suke cewa, wato saki bisa sharaɗi.

Tamu kalmar ta fi su fito da abin fili. Duk wanda ya yi kiwo ya san talala, doguwar igiyar da ake ɗaure dabba da ita ta yi ta yawo tana cin ciyawa amma ba ta wuce iyakar igiya. Sakin talala ke nan: ka bar kaso, igiya na ƙafarka, in ka karya sharaɗi a jawo ka ciki. Tarihin da zan ba ku duka a kan abu biyu yake tafiya. Igiyar nan a hannun wa take? Kuma maganar wa ake saurara kafin a sassauta ta?

Inda abin ya faro

A 1840 aka naɗa wani hafsan sojan ruwa mai suna Alexander Maconochie ya shugabanci kurkukun tsibirin Norfolk, inda Ingila ke jibge fursunonin da suka gagara a Ostireliya. Ya kawo tsarin maki: fursuna ya yi aiki ya nuna hali nagari ya tara maki, makin ya kusantar da shi ga fita. Shugabanninsa suka ga ya cika sassauci, suka cire shi a 1844. Tunanin bai mutu ba. Walter Crofton ya ɗauke shi a Ayalan daga 1854, ya ƙara masa sa ido a kan wanda aka saki. Faransa ta yi dokarta a 1885 bisa ƙoƙarin wani sanata, René Bérenger. Beljiyam ta bi baya ranar 31 ga Mayu 1888 da dokar da ake kira da sunan ministan shari'a na lokacin, Jules Lejeune.

Dokar Lejeune ta ce fursunan da ya ci kashi ɗaya cikin uku na hukuncinsa ana iya sakinsa bisa sharaɗi, wanda ya taɓa yin laifi a baya kuma sai ya ci kashi biyu cikin uku. A zamaninta ci gaba ce, don ta yarda mutum na iya gyaruwa. Amma hukuncin saki a hannun minista yake shi kaɗai. Yana karɓar ra'ayin shugabannin gidan kaso da na mai gabatar da ƙara, ba dole ba ne ya bi su. Wanda aka cuta kuwa babu kujerarsa a ko'ina cikin lissafin. Haka aka tafi shekara 110.

Sa hannun 1992

A 1989 kotu ta ɗaure wani mai gyaran lantarki daga yankin Charleroi, Marc Dutroux (Dutru ake faɗi), shekara 13 da rabi saboda sace ƴan mata biyar da yi musu fyaɗe. Matarsa Michelle Martin ta samu shekara 5 don ta taya shi. Tun 1986 yake tsare, don haka lissafin kashi ɗaya cikin uku bai daɗe ba ya cika. A watan Afrilu 1992 ministan shari'a Melchior Wathelet ya sa hannu aka sake shi, alhali mai gabatar da ƙara bai goyi bayan sakin ba.

Ranar 24 ga Yuni 1995 ɗiya mata biyu masu shekara 8, Julie Lejeune da Mélissa Russo, suka ɓace kusa da birnin Liyej. Ku dubi sunan ta farkon, iri ɗaya da na dokar da ta buɗe wa mutumin ƙofa. A watan Agusta wasu biyu suka ɓace a bakin teku, An Marchal mai shekara 17 da Eefje Lambrecks mai 19. Jandarmomi suna zargin Dutroux, suna bin sawunsa, amma ba su kai bayanan da ke hannunsu ga alƙaliyar da ke binciken ɓatan yaran ba. A watan Disamba 1995 aka tsare shi a kan wata magana ta satar motoci, aka binciki gidansa na Marcinelle. Jandarman da ya sauka ɗakin ƙasa ya ji muryar yara, ya ɗauka daga titi take zuwa. Akwai wani kurkuku da Dutroux ya gina a bayan bango, ba a gano shi ba. Ya yi wata uku da ƴan kwanaki a tsare. Matarsa ta faɗa wa kotu daga baya cewa tana zuwa gidan ta ba karnuka abinci, amma tana jin tsoron sauka wurin yaran. Yunwa ce ta kashe Julie da Mélissa.

A 1996 ya sake sace wasu biyu, Sabine Dardenne mai shekara 12 da Laetitia Delhez mai 14. Wani saurayi ya tuna wani ɓangare na lambar motarsa, aka kama shi ranar 13 ga Agusta, aka fito da yaran biyu da rai ranar 15. Bayan kwana biyu aka tono gawar Julie da Mélissa, a farkon Satumba kuma ta An da Eefje.

Tattakin fararen kaya

Iyayen sun yi sama da shekara suna neman ɗiyansu, suna manna hotuna, suna roƙon a nuna musu takardun bincike. Ana ce musu doka ba ta yarda ba, bincike sirri ne. Da gaskiya ta fito suka gane cewa a lokacin da ake sallamar su daga ofis zuwa ofis, sunan mutumin yana cikin takardun jandarma.

Sai wani abu ya ƙara wa wuta mai. Alƙalin binciken da ya ceto yaran biyu, Jean-Marc Connerotte, ya halarci wata liyafar taliya da aka shirya don taimakon waɗanda aka cuta. Lauyan Dutroux ya ce alƙali ya nuna ɓangare. Ranar 14 ga Oktoba 1996 kotun ƙoli ta yarda da shi, ta cire alƙalin daga shari'ar. A wajen doka hukuncin na da hujja, don alƙalin bincike bai kamata ya zauna cin abinci da ɓangare ɗaya ba. A wajen talakawa kuwa, an saki mai laifi ba a tambayi kowa ba, sannan an kori alƙali don ya ci taliya da waɗanda aka zalunta. Ma'aikata suka bar masana'antu, ƴan kwana-kwana na Liyej suka juya wa ginin kotu tiyon ruwa wai su wanke shi. Ranar 20 ga Oktoba mutum kusan 300,000 suka cika titunan Burusel da fararen kaya, ba tutar jam'iyya, ba ihu. Ƙasar duka a lokacin mutum miliyan 10 ne da ɗan ɗori.

Akwai kuma wata takardar koke da ƙungiyar Marc et Corine ta zagaya da ita, ta tara sa hannu sama da miliyan 2. Ƙungiyar iyaye ne suka kafa ta bayan an kashe ƴaƴansu a 1992. Buƙatarsu ita ce a yi hukuncin da ba a rage shi ko kaɗan ga masu manyan laifuka.

Abin da aka ba iyaye da abin da aka hana su

Majalisa ba ta ba su wannan buƙata ba. Wata hanya ta bi. A watan Maris 1998 aka karɓe igiyar daga hannun minista aka ba wasu kwamitoci masu mutum uku, alƙali ɗaya da masana biyu, waɗanda dole su ji fursuna su kuma rubuta dalilin hukuncinsu. A karo na farko aka ce a manyan laifuka ana iya sauraron wanda aka cuta. A cikin watan nan dai aka yi dokar Franchimont, wadda ta ba mai ƙara damar neman ganin takardun bincike da neman a ƙara bincika wani abu. Wannan ita ce amsar kukan iyayen Julie da Mélissa.

Wata guda bayan haka, ranar 23 ga Afrilu 1998, Dutroux ya tsere daga ginin kotun Neufchâteau na ƴan awoyi. Ministan shari'a da na cikin gida suka yi murabus a ranar. Daga nan aka rushe jandarma aka haɗe ta da ƴan sanda, sabon tsarin ya fara aiki a 2001. A 2004 kotun Arlon ta yanke wa Dutroux ɗaurin rai da rai, Michelle Martin shekara 30, yaronsa Michel Lelièvre shekara 25.

Dokokin 17 ga Mayu 2006 suka ƙarasa ginin. Aka kafa kotu ta musamman mai kula da yadda ake zartar da hukunci, ta fara zama a 2007. Wanda aka cuta ya samu haƙƙin a sanar da shi in za a saki wanda ya cuce shi, ya rubuta bayaninsa, ya kuma zo gaban kotu ya faɗi sharuɗɗan da za su kare shi, misali kada mutumin ya shigo garinsu ko ya neme su. Amma a nan haƙƙin ya tsaya. Ba a tambayarsa ko a saki ko kar a saki, kuma ba shi da ikon ɗaukaka ƙara.

Gwajin 2012

An gwada tsarin da shari'ar da ta haife shi. Michelle Martin ta nemi saki sau da yawa ana hana ta. A 2011 kotu ta yarda ta tafi wani gidan ibada na mata a Faransa, gwamnatin Faransa ta ce ba ta so. Ranar 31 ga Yuli 2012 kotun Mons ta amince ta koma wajen wasu mata masu zaman ibada a Malonne, kusa da Namur, bayan ta ci shekara 16 cikin 30. Aka hana ta shiga yankunan da iyalan yaran ke zaune, aka ɗora mata biyan diyya. Iyaye suka kai kuka kotun ƙoli. Ranar 28 ga Agusta kotun ta ce ƙarar tasu ba ta karɓuwa, don a wannan mataki su ba ɓangare ne na shari'a ba. A daren nan ta isa Malonne, ƴan sanda na tare masu zanga-zanga.

Ƴan siyasa suka yi abin da suka saba in jama'a ta fusata. A watan Maris 2013 aka yi doka cewa wanda aka yanke wa shekara 30 ko rai da rai sai ya ci aƙalla shekara 15 kafin ya nemi saki, a da 10 ne, kuma a mafi munin shari'o'i sai alƙalai sun haɗu baki ɗaya. A 2017 aka ba kotu damar tsayar da wa'adin da ba a taɓawa tun ranar yanke hukunci. Dutroux ya nemi a sake shi da munduwar sa ido a 2013 aka ƙi. Lelièvre ya fita a 2019. Wa'adin talalar Martin ya ƙare a 2022.

Wani abu da ya faru a watan Nuwamba 2012 ya fi waɗannan dokoki tsaya mini a rai. Mahaifin Julie, Jean-Denis Lejeune, wanda ya yi iya ƙoƙarinsa don kada a saki matar, ya yarda ya zauna da ita gaban masu shiga tsakani. Tambayoyi yake da su game da kwanakin ƙarshe na ɗiyarsa, waɗanda shari'ar wata uku da rabi ba ta amsa masa ba. Da na karanta haka sai na tuna gwaggo. Ita ma abin da ta fara tambaya shi ne wa ya yi, mi ya sa ba a gaya mata ba.

Mu fa?

Dokokinmu na hukunta laifi na 1961 daga tsatson Faransa suka fito, dangi ɗaya da na Beljiyam, kuma saki bisa sharaɗi na ciki. Akwai kuma ragin hukunci da shugaban ƙasa ke yi, kamar na watan Maris 2020 da ya fitar da fursuna 1,540 saboda cutar korona. Duk wanda ya taɓa kai wa ɗan uwa abinci a gidan kaso ya ga cunkoso da idonsa, ya san ba za a ce kada a saki kowa ba. A lokacin shari'a iyalin wanda aka kashe na iya tsayawa su nemi diyya. Amma daga ranar da alƙali ya rufe takarda, gwaggo dai ba ta sake ganin wasiƙa ko ɗan saƙo ba.

Abin mamaki, fiƙihun da muka karanta a makarantar zaure ya ba iyali matsayin da ya fi na Beljiyam. Waliyyan jini su ne ke zaɓa, a yi ƙisasi ko su yafe, da diyya ko babu. Amma a mazhabar Malikiyya ko su ba su riƙe igiyar su kaɗai ba. Risala ta nuna cewa wanda ya yi kisa da gangan aka yafe masa, hukuma za ta yi masa bulala 100 ta tsare shi shekara guda. Kisan gilla kuwa, wanda ake yaudarar mutum a kai shi ɓoye a kashe, babu yafiya a cikinsa ko iyali sun so. Ita kanta kalmar gilla daga Larabcin wannan babi muka aro ta. Malaman sun raba haƙƙi biyu, na gidan da aka yi wa rashi da na jama'ar gari.

Mun yi gardamar wannan a fada har shayi na uku. Wani abokina ya ce mai kisa ya mutu a kaso, shi ke nan. Na gane zafinsa. Amma yawancin fursunoni wa'adi gare su, ranar fita na zuwa ko an so ko an ƙi. Wanda ya cika wa'adinsa daidai yana fita ba igiya, ba mai ce masa kar ka shiga unguwa kaza, ba mai bin sawunsa. Wanda aka yi wa talala shi ne ake iya sa wa sharaɗi. Wani kuma ya ce to a ba iyali wuƙa da nama, in sun ce a'a kar a saki. Na ce masa a garinmu ka san yadda za ta kasance. Mai kuɗi zai aika dattawa da ambulan, matalauciya irin gwaggo za a matsa mata da "ki yi haƙuri, ki bar wa Allah" har ta sa hannu, fursunan da ba shi da kowa kuma ya ruɓe a ciki.

Abin da na ɗauko daga Beljiyam ke nan. Sakin mai babban laifi bai kamata ya zama sa hannun mutum ɗaya a ofis ba, kotu ce ya kamata ta zauna ta rubuta dalili. Kafin ta zauna a aika wa iyali, da harshen da suke ji, ta hannun mai unguwa ko liman in babu adireshi. A saurare su, a rubuta sharuɗɗan da za su kare su, a gaya musu ranar fita da inda mutumin zai zauna. Sannan a samu wanda zai riƙe igiyar da gaske, don sakin 1992 ma da sharuɗɗa aka yi shi, sa idon ne ya zama na takarda. Beljiyam sai da ta binne ƴan mata huɗu kafin ta rubuta waɗannan a doka, kuma har yau iyaye da yawa a can na ganin ba su isa ba.

Da na koma hutun bana na ba gwaggo labarin da Hausa, tun daga 1888 har zuwa Malonne. Ta saurara har ƙarshe tana tsinke zogale. Sai ta ce: "Ni ban ce a kashe shi ba, ɗana. Da an gaya mini, da ranar nan ban tahi kasuwa ba."

Ƴan uwanmu masu karatun shari'a a Yamai da Tawa, ku kuka san sassan dokarmu. Ku rubuto mana a fitowa ta gaba wane sashe ne za a gyara don a riƙa aika wa irin su gwaggo saƙo kafin a buɗe ƙofa.